HUTUN TSUFA A BAKIN TEKU: 'YAN FANSHON INGILA DA ƘUNGIYOYIN KAMUN KIFI

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Da farko muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan rayuwa bayan ritaya. Mun san da yawa daga cikinku sun zaci lissafin fansho da garatuti za mu kawo. Wannan magana ce mai muhimmanci, amma an sha yin ta, kuma akwai waɗanda suka fi mu saninta a cikin wannan zaure. Abin da muka zo da shi yau tambaya ce da ba a cika yi ba. Yawancin ma'aikatan gwamnati a ƙasar nan suna ajiye aiki ne idan sun cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 suna aiki. To, ranar Litinin ta farko bayan an yi wa mutum walimar ban kwana, idan ƙarfe takwas na safe ta yi, ina zai nufa, kuma wa yake jiran zuwansa?

Domin neman amsa, za mu ɗauke ku zuwa wuri mai nisa, wato garuruwan bakin teku na ƙasar Ingila, inda dubban tsofaffin ma'aikata kan koma su ƙarasa rayuwarsu, kuma inda wasunsu suka mayar da kamun kifi da fatsa abin da ke fitar da su daga gida. Wasu daga cikinmu da karatu ko aiki ya kai can sun ga wannan da idonsu. Za mu bayyana yadda abin yake, da kyansa da cikas ɗinsa, sannan a ƙarshe mu duba abin da ya shafe mu.

Masu ƙaura zuwa gaɓa

Tun a ƙarni na 19, lokacin da layin dogo ya haɗa Landan da sauran manyan biranen masana'antu da gaɓar teku, ma'aikatan Ingila suka saba zuwa hutu a garuruwa irin su Eastbourne da Worthing da Bexhill da Clacton. Wanda ya saba zuwa hutun mako guda a irin waɗannan wurare tun yana yaro, idan girma ya zo sai ya sayar da gidansa na birni, ya sayi ƙaramin gida marar bene kusa da ruwa, ya tare da matarsa. Al'adar ta yi ƙarfi har wata mai bincike, Valerie Karn, ta wallafa littafi sukutum a 1977 a kan waɗanda suka yi ritaya suka koma Bexhill da Clacton.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna inda abin ya kai. A Ingila gaba ɗaya, waɗanda suka kai shekara 65 ko suka wuce ba su kai mutum ɗaya cikin biyar ba. Amma a gundumar North Norfolk, da gundumar Rother inda garin Bexhill yake, kusan mutum ɗaya ne cikin kowane uku. Shekarun karɓar fanshon gwamnati a can sun kai 66 a 2020, doka kuma ta tsara su kai 67 zuwa 2028.

Sai dai wanda ya yi irin wannan ƙaura ya baro abokan aikinsa, ya baro maƙwabtansa na shekara talatin, sau da yawa ma ya baro 'ya'yansa da jikokinsa a birni. Ya sauka a garin da ya sani a matsayin ɗan yawon shaƙatawa na lokacin zafi, bai san shi cikin hunturu ba, lokacin da baƙi suka watse, shaguna da yawa suka rufe, duhu kuma yake shiga tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Matsalar kaɗaici ta kai matsayin da a watan Janairu na 2018 Firayim Minista Theresa May ta ɗora wa wata minista, Tracey Crouch, alhakin kula da ita. A cikin wannan hali ne za mu fahimci amfanin sanda da ƙugiya.

Su na nishaɗi

Mu a wajenmu su sana'a ce ta gado. Akwai masunta, akwai Sarkin Ruwa, akwai koma da taru, idan kuma biki ake so akwai na Argungu wanda duniya ta san da shi. Fatsa kuwa mun fi ganinta a hannun yara a bakin rafi, shi ya sa dattijon da ya yi darakta a ma'aikata zai ji nauyin a gan shi da ita. A Ingila ba haka abin yake ba. Wani bincike da gwamnatinsu ta sa aka gudanar a 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 884,000 ne ke kamun kifin teku don nishaɗi a Ingila, kuma sun kashe fam biliyan 1.23 a kansa a wannan shekara. Mai kamun kifi a kogi ko tafki sai ya yanki lasisi, amma mai jefa fatsa don kifin teku ba ya bukatarsa, saboda haka ƙofar a buɗe take ga mai ƙaramin fansho.

Bari mu ɗauki misali da garin Deal, a yankin Kent, kusa da tashar jiragen ruwa ta Dover, inda idan gari ya yi garau ana hango gaɓar Faransa. A can akwai wata gada ta siminti da ta miƙe cikin teku tsawon mita 300 da 'yan kai, ba ta ƙetara ko'ina, a cikin ruwa ta tsaya. An buɗe ta a 1957, kuma ita ce ta uku da aka gina a garin. Mun taɓa tsayawa a kanta wata safiya cikin sanyi, muka tarar da dattawa jere, kowa cikin rigar ruwa da hular sanyi, da sandarsa jingine da ƙarfen gada, da butar shayi a gefe. Wasu kuma suna ƙasa a kan tsakuwar gaɓa. Irin wannan gada ba a Deal kaɗai take ba. Ta garin Southend ta wuce kilomita biyu, har ƙaramin jirgin ƙasa ke kai mutane ƙarshenta.

Kayan aikin ba su da yawa. Sanda ce mai tsawon kimanin mita huɗu, da kwarkwaron zare mai hannun naɗewa, da dalma mai nauyin giram 150 ko fiye kaɗan, wadda gwani kan cilla ta wuce mita 100 cikin ruwa. A bakin ƙugiya sukan sa wata irin tana da ake tonowa daga yashin gaɓa idan ruwa ya janye, ko ƙaguwa, ko yankan kifi. Kowane kifi da lokacinsa. Da zafi makarel ke matsowa gaɓa, wato kifin nan da muke saye daskararre a kasuwanninmu da sunan taitus. Da sanyi kuma sai a sa ran kod, wanda busasshensa ake shigo da shi Nijeriya daga Norway. Akwai kuma wanda suke kira bas, kifi mai launin azurfa da ƙarfin fisga, wanda suke ji da shi fiye da saura.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne agogon da suke bi. Ruwan teku yana cikowa ya janye sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da cika kimanin sa'a 12 da minti 25, ke nan kullum lokacin yana jinkirta da wajen minti 50. Wata ne ke jan ragamar wannan al'amari. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan daren sha huɗu, cikar takan yi ƙarfi, janyewar ma ta yi nisa. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa sai motsin ya ragu. A mashigin Bristol bambancin cika da janyewa yakan wuce mita 12. Saboda haka kowane mai fatsa yana da ɗan littafin jadawalin ruwa a aljihu, kuma Baturen da bai damu da lissafin wata ba duk tsawon aikinsa, da ya kama fatsa sai ya koma yana bibiyarsa kamar yadda muke yi. A nan ɗan fansho ya fi ma'aikaci sa'a, domin ma'aikaci sai Asabar da Lahadi, ko ruwa ya yi kyau ko bai yi ba, shi kuwa duk ranar da ruwa ya kira zai amsa. Mutumin da ya rasa agogon ofis ya sami wani agogon da zai tashe shi.

Ƙungiya da tsarinta

Jama'a, da kamun kifin ne kaɗai, da ba mu kawo muku wannan labari ba, domin mutum na iya tsayawa shi kaɗai a gaɓa ya koma gida da kaɗaicinsa. Abin lura shi ne ƙungiyoyin da suka kafa a kansa, kuma sun daɗe. An kafa ƙungiyar masu fatsar teku ta Birtaniya a Landan a 1893. A 1904 aka kafa tarayyar ƙungiyoyinsu ta ƙasa, wadda a 2009 ta haɗe da wasu suka zama Angling Trust. Garin Deal, duk da ƙanƙantarsa, yana da ƙungiyar da ta faro a 1904 da wata da ta faro a 1919. Ƙungiyar da ta haura shekara ɗari, ta ga yaƙin duniya, ta binne waɗanda suka kafa ta da 'ya'yansu, amma tana nan, ta cancanci a tambayi sirrinta.

Abu na farko, kuɗin shiga kaɗan ne, kuma kowa daidai yake biya, tsohon manajan banki da tsohon direban bas. Akwai shugaba da sakatare da ma'aji, akwai babban taro sau ɗaya a shekara inda ma'aji ke karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Waɗannan muƙamai ba albashi gare su ba, kuma galibi 'yan fansho ne ke riƙe su, domin su ne masu lokaci. Tsohon akanta ya sami littafin da zai riƙe, tsohon makaniki ya sami injin da zai gyara, tsohon malami ya sami yaran da zai koya wa ɗaura ƙugiya, domin ƙungiyoyi da yawa suna da sashen yara.

Abu na biyu, akwai jadawalin gasa na shekara, wanda ake bugawa tun farkonta, kowa ya san rana da sa'a da wuri. Ranar gasa akan raba gaɓa gida-gida da lambobi, kowa ya zari ƙuri'a ya tsaya inda ta ba shi, na tsawon sa'a huɗu ko biyar. Ƙuri'ar nan tana da hikima, domin ita ke hana manya mallake wurare masu kyau, ita ce kuma ke sa baƙon da ya tare jiya ya tsinci kansa kusa da ɗan gari, su yi rabin yini tare. A da akan kawo kifin duka a ɗora a sikeli. Daga baya gasanni da yawa suka koma auna tsawon kifi a mayar da shi ruwa da rai, kuma wanda ke kusa da kai shi ne zai shaida ya sa hannu a katinka. Ke nan abokin takararka shi ne shaidarka.

Abu na uku, akwai aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba. A garuruwan da ba su da tashar jiragen ruwa, kamar Deal da Hastings, a kan tsakuwa ake ajiye ƙananan jirage, a tura su ruwa, a kuma jawo su da igiya da inji idan an dawo. Dole sai da hannaye, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya fita kuma sai ya bar sanarwar inda ya nufa da lokacin dawowarsa, saboda ruwa ba sa'an kwando ba ne. Shi ya sa za ka tarar da asusun taimakon ƙungiyar ceto ta RNLI a ɗakunan taronsu. Ita wannan ƙungiya an kafa ta a 1824, da gudummawar jama'a take gudana, kuma yawancin masu fita ceto a jiragenta 'yan sa kai ne.

Abu na huɗu, akwai ɗakin taro, ko da rumfar katako ce, inda ake shan shayi bayan gasa, ana gardamar wanda ya kuɓuce da girman da ake cewa yana da shi. A jikin bango akwai alluna da kofuna ɗauke da sunayen waɗanda suka ci gasa shekara bayan shekara, wasu kofunan ma da sunan mambobin da suka rasu ake yin takararsu. Amfanin duk wannan ga dattijo shi ne, idan bai zo ba sau ɗaya, sau biyu, akwai wanda zai ga gurbinsa ya ɗaga waya ko ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Doka da kiyaye kifi

Haka kuma ƙungiyoyin nan sun zama makarantar bin doka. Kowane kifi yana da tsawon da idan bai kai ba dole a mayar da shi, alal misali kod sai ya kai santimita 35. Lokacin da masana suka ga bas yana ƙarewa a tekunsu, a 2015 aka ɗaga ma'auninsa zuwa santimita 42, aka kuma ƙayyade wa mai fatsa guda uku a rana. A mafi yawan watannin 2018 ba a yarda ya tafi gida da ko ɗaya ba, sai dai ya kama ya saki. Da aka ga alamun farfaɗowa, a 2020 aka ba shi damar riƙe biyu a rana cikin watannin da aka buɗe. Masu fatsa sun yi ƙorafi ƙwarai, suna cewa manyan jiragen kasuwa ne suka yi ɓarnar, kuma ta bakin ƙungiyarsu ta ƙasa suka kai kukansu ga hukuma. Babu jami'in da zai iya tsare kowace gaɓa cikin dare. Abin da ke hana mutum sa ƙaramin kifi a jaka shi ne idon 'yan'uwansa da kunyar a ji a ƙungiya.

Inda cikas yake

Kada mu zana muku aljanna. A 2021 babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, wanda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Kaduna, ya keɓe rahotonsa na shekara ga garuruwan bakin teku. Ya nuna cewa cututtuka irin na zuciya da makamantansu sun fi yawa a cikinsu, ga tsofaffi da yawa, ga kuma ƙarancin ma'aikatan lafiya. Iskar teku ba ta maye gurbin asibiti. Bugu da ƙari, yawancin masu fatsa maza ne, ke nan matar da ta biyo mijinta zuwa gaɓa, idan ba ta nemi nata taron ba, ranar da ya riga ta sai ta wayi gari ba miji, ba dangi kusa. Sannan a ɗakunan taro da yawa ana sayar da giya, ana kuma ɗan zuba kuɗi a kan wanda zai kama mafi girma. Waɗannan ba namu ba ne, mun bar musu kayansu.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, ba muna cewa kowa ya sayi sanda ya nufi gaɓa ba, ko da yake mambobinmu na Legas da Fatakwal da Kalaba teku na kusa da su, kuma babu abin kunya a ciki. Kamannin da muke gani a wani wuri yake. Da yawa daga cikinmu mun gina gidaje a gida da niyyar komawa bayan ritaya, alhali garin da za mu koma mun san shi ne da hutun Sallah da biki da ta'aziyya, kamar yadda Baturen nan ya san gaɓa da hutun mako guda. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sa'o'inmu da muka bari wasu sun rasu, wasu kuma rayuwa ta raba mu da su, 'ya'yanmu kuwa a birni aka haife su, can za su zauna. Mun ga dattawan da suka koma da murna, bayan shekara guda suka tattara suka dawo birni, mun kuma ga waɗanda suka zauna a ƙofar gida daga su sai rediyo.

Gaskiya ne muna da abin da Bature ya rasa. Muna da masallaci sau biyar a rana, muna da majalisa, muna da dangi. Amma majalisa zama ce, kuma mutumin da ya shekara 35 ana jiran sa hannunsa yana bukatar abin da zai yi da hannunsa da ƙafarsa, wanda wasu suka dogara da shi a kai. Darasin da muka ɗauko daga gaɓar Ingila guda huɗu ne: a sami abin yi na zahiri da ke fitar da mutum waje, a tsayar masa da rana da sa'a, a ba kowa wani nauyi komai ƙanƙantarsa, a kuma sa ido a kan wanda bai zo ba. Ko lambu ne, ko dashen itatuwa, ko kiwon tattabaru, ko koyar da yara karatu da yamma, ko fatsar kanta a madatsar ruwa mafi kusa, duk ɗaya ne, muddin an cika waɗannan sharuɗɗa. Kuma a wannan karo kada a manta da iyayenmu mata, su ma a ba su damar tsara nasu.

Kammalawa

Shawararmu ga waɗanda suka rage shekara biyar ko goma su ajiye aiki ita ce, kada su jira takardar sallama kafin su fara. Zumunta a ƙafa take, kuma wanda yake so a neme shi yana da shekara saba'in, sai ya fara zuwa tun yana da hamsin. Muna roƙon kowane reshe ya rubuta sunayen mambobinsa da suka yi ritaya da waɗanda suke dab da yi, ya tambaye su abin da suke sha'awa da abin da za su iya koyarwa, ya kawo wa babban taro na baɗi, domin a fara da ko da mutum goma ne da rana ɗaya a mako.

Muna neman afuwa idan mun tsawaita, ko mun faɗi abin da bai yi wa wani daɗi ba. Allah ya ba iyayenmu da suka ajiye aiki lafiya da nisan kwana, ya sa mu ma mu gama lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.